Yaro mai taɓin hankali magani yake buƙata, ba kurkuku ba

Jama'ar Salaga, Yendi da Bawku, ku duba wannan.

Idan saurayi daga ƙauye ya samu taɓin hankali, ko Tramadol ta juya masa kai, ya ɗauki akuyar maƙwabci ko ya fasa gilashin mota, ina ake kai shi? Ofishin 'yan sanda, sai kotu, sai kurkuku. Garuruwan nan uku kowanne yana da gidan yarinsa. Amma manyan asibitocin masu taɓin hankali na gwamnati guda 3 ne a Ghana: na Ankara, na Pantang da na Ankaful, duk a kudu. Gidan gyaran halin samari ma yana Ankara, fiye da kilomita 700 daga Bawku. Wace uwa mai sayar da koko za ta iya kuɗin motar zuwa ganin ɗanta?

Kada wani ya ce muku babu doka. Dokar Yara ta 1998 ta ce kowace gunduma ta kafa kwamitin sasanta ƙananan laifukan yara. Kwamitin zai iya sa yaro ya ba da haƙuri, ya biya abin da ya ɓata, ko a damƙa shi hannun wani dattijo mai mutunci ya lura da shi. Dokar shari'ar yara ta 2003 ta ba da damar kauce wa ɗauri. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce a kawo jinya kusa da gida. Takarda dai ta cika. Ku je asambili ku tambaya yaushe kwamitin nan ya yi zamansa na ƙarshe, ku ji abin da za su ce.

Wasu za su ce muna goyon bayan ɓarayi. Mai akuya akuyarsa yake so, kuma yaron da ke kulle ba zai biya shi ba. Zai fito da ciwonsa, ya ƙara da abin da ya koya wurin manyan fursunoni.

Idan kun ba mu ƙuri'arku, ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa zai duba yaro kafin alƙali ya yanke hukunci. Mai ƙaramin laifi zai karɓi magani a asibitin gundumarsa, ya yi aikin gayya, iyaye da liman ko sarkin zango suna sa ido. Za mu ware wa kwamitocin kuɗin zama a kasafin asambili.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, ku tambaye shi ina za a kai ɗanku ranar da ciwon ya tashi.