Agogon Na'urar Bidiyo: Kayan Aikin da Makarantu Suka Raina

A shekarar 1976 ne kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da bidiyo mai kaset na VHS, aka yi ta amfani da shi har zuwa 2016, lokacin da kamfanin Funai ya ƙera na ƙarshe. A tsawon shekarun nan jama'a sun fi sanin wannan na'ura da kallon fim. Kaɗan ne suka lura da ɗan agogon da ke gabanta, alhali kuwa shi ne abin da ya fi dacewa da ɗalibin kimiyya.

Aikin agogon ba shi da wuyar ganewa. Akan shaida wa na'urar abubuwa huɗu: rana, tasha, lokacin farawa da lokacin tsayawa. Sannan a zaɓi ko sau ɗaya za ta ɗauki shirin, ko kullum, ko mako-mako. Daga nan sai ta riƙa gwada lokacin da aka ba ta da wanda agogonta ke nunawa. Da zarar sun zo daidai sai ta kama aiki, ko da masu gida suna barci. Kaset ya wuce, amma dabarar tana nan daram a cikin dikoda, da kyamara, da wayar hannu.

Abin da ya kamata malaman ilimin halittu a Kaugama da sauran garuruwan masarautar Haɗeja su gane shi ne, wannan dabara ita ce ginshiƙin bincike: duba abu ɗaya, a lokaci ɗaya, sau da yawa. Ɗalibi kan gaji, kan manta, kan makara. Na'ura ba ta yi.

Alal misali, ganyen tsamiya da na gyaɗa sukan rufe da dare, su buɗe da safe. Tun a 1729 wani masani ɗan Faransa, de Mairan, ya ajiye wani tsiro mai irin wannan hali a cikin duhu, ya tarar ganyensa na ci gaba da buɗewa da rufewa, alamar cewa tsiron yana da agogon kansa. A 2017 aka ba masana uku na Amurka kyautar Nobel saboda gano yadda agogon jikin halitta yake aiki. Idan aka kafa waya gaban gyaɗar da aka shuka a gwangwani, aka saita ta tana ɗaukar hoto kowane minti 10, za a sami hotuna 144 a kwana ɗaya. In aka jera su, ajin zai ga tsiron yana motsi da idonsa.

Haka kuma a fadama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa a kogin Haɗeja ya sauya. Makarantar da ta kafa sanda mai ma'auni a bakin ruwa, tana ɗaukar hotonta kowace Asabar da ƙarfe 7 na safe, za ta tara bayanin da zai amfani manomi da masunci.

Wani zai ce ina wutar? Tambaya ce mai ma'ana. Da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin nan, in wuta ta ɗauke ta daɗe, agogonsu kan koma 12:00 yana ƙyaftawa, jadawalin ya rushe. Waya kuwa tana da batir, kuma ƙaramin faifan sola ya isa cajinta. Sai dai darasin bai tsufa ba: a tabbatar agogo daidai yake kafin a dogara da shi, domin bayanin da aka ɗauka a kan lokacin ƙarya ya fi rashinsa illa.

Saboda haka ya dace kowace ƙungiyar kimiyya ta sakandare ta ɗauki aiki guda irin wannan a kowane zango, ɗalibai su saita na'urar da hannunsu, su rubuta abin da suka gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji.