Mai Gwajin Bulo

Jama'a, in damina ta kayar da bango a Birnin Lalle, sai mu ce ƙaddara. To, wa ya gwada bulon?

A jami'a akwai ma'aikacin ɗakin gwaji. Yana kwaɓa siminti da yashi, ya buga bulo. Ya jira kwana 28 ya yi ƙwari. Sannan ya sa shi a inji, a matse shi har ya fashe. Ya rubuta nauyin da ya ɗauka. In an cika yashi, nan asiri zai tonu.

Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana koyar da fasahar gini. Ni dai a ganina, mu tura yaranmu su koyi wannan aiki. Ido ya san ƙima, amma bai san ƙarfin bulo ba.