Ku Bar Mata Kwanonta: Ɗurar Da Muke Kira Karamci

Bayan sallar layya yayata ta zo Belbeji daga Yamai domin bikin ƴar ƙanen mahaifinmu. Wata huɗu ke nan da yi mata aikin rage tumbi a Tunis. Ta tafi tana da kilo 126, ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyin da suka sa sai a zaune take salla. Ta iso gida ta sauke kilo 24, ta sauko daga mota ba wanda ya kama mata hannu. Ni na ɗauka murna za a yi. Amma tun ba ta ajiye jaka ba gwaggonmu ta riƙe haɓa ta ce: "Ƴar nan, wa ya yi miki wannan aika-aika? Ko mijin naki ya daina cefane ne?"

Da dare aka dire mata malmala biyu ta tuwon hatsi, da ƙwaryar fura wadda ta sha sukari, da lemon kwalba mai sanyi. Ta ce: "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ya hana ni." Gwaggo ta ce: "Likitan da ya san ki jiya ya fi ni da na goye ki?" Mata suka sa baki, kowa da abin da take faɗi, har kunya ta ci ƙarfinta. Ta ci, ta kora da fura. Ba a yi rabin awa ba zufa ta karyo mata, zuciya na bugawa, jiri ya kwashe ta, amai ya biyo baya. A gidan likita muka kwana ana ƙara mata ruwa. Washegari abin da ya zaga gari shi ne, wai dama ciwo ne take ɓoyewa, wasu kuma suka ce sammu ne.

Ina son gwaggo, kuma na san ƙauna ce ta sa ta. Amma ƙaunar da ba ta jin "a'a" cuta ce. Abin da nake son in faɗa wa ƴan uwana malaman makaranta da iyaye shi ne: mun mayar da cikin mutum filin gwada karamcinmu, mun mayar da ƙiba shaidar jin daɗi, kuma wannan ɗabi'a tana kwantar da mutane.

Bari in bayyana abin da aka yi wa yayata, domin jahiltarsa ce ta kai mu gidan likita. A irin aikin da aka yi mata ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Abin da ya rage a watannin farko bai ɗaukar fiye da mililita 100 zuwa 150, wato kofin shayi biyu ko uku. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tada yunwa, shi ya sa in ta ce ta ƙoshi, da gaske ta ƙoshi, ba yanga ba ce. Kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Daga ranar da aka yi aikin, cin abinci ya zama aiki mai ƙa'ida. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, sannan abin da aka niƙa ya yi laushi, sai wajen wata biyu ake komawa abincin kowa, shi ma loma ƙanana, a tauna sosai, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan kwano. Ba a haɗa ci da sha: sai an bar kamar rabin awa tsakaninsu. Lemo mai gas an bar shi. Sukari mai yawa kan zarce cikin hanji da sauri ya jawo zufa da jiri da bugun zuciya, irin abin da muka gani da idonmu. To ku duba teburinmu: fura da sukari, shayi zagaye uku kowanne ya fi na baya zaƙi, lemon kwalba da muke ganin shi ne girmama baƙo. Duk abin da muke kira tarba, ita a wurinta tarko ne.

Ruwa kuma dole ta sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowace rana, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, amma kurɓi-kurɓi, domin ba ta iya ɗaga moɗa ta shanye kamar da. Wanda ya san zafin Damargu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, ya san wannan ba wasa ba ne. Sannan ana son ta samu aƙalla giram 60 na abinci mai gina jiki a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ke gare shi. Ku lissafa da kanku, ku gani ko akwai wurin malmalar tuwo a cikin da bai wuce kofin shayi uku ba. Shi ya sa take fara cin nama ko ƙwai ko wake ko kindirmo marar sukari, in wuri ya rage ta taɓa tuwo. Abin farin ciki, ƙasarmu ba ta rasa waɗannan ba: ga cuku, ga fara, ga zogale, ga ƙuli-ƙuli. Bayan haka akwai bitamin B12 da maganin ƙarin jini da kalsiyam da bitamin D waɗanda za ta yi ta sha har iyakar rayuwarta, da awon jini lokaci-lokaci. An hana ta ɗaukar ciki sai bayan wata 12 zuwa 18. An gargaɗe ta kan ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mu muke saya a tire kamar alewa, saboda suna iya ƙwarzane tumbin. Azumin bana ma likitanta ya ce ta dakata, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Yayata na da ɗan littafi, irin na ƴan makaranta, mai bango shuɗi. A ciki take rubuta abin da ta ci, ledar ruwa nawa ta sha, ko ta haɗiyi bitamin ɗinta. Kowace Juma'a da safe, kafin ta karya, takan hau sikeli ta rubuta lamba. Sau ɗaya a mako, ba kullum ba, domin nauyi yakan yi sama da ƙasa tsakanin yini da yini, wani lokacin ma ya tsaya cak na makonni, kuma mai hawa kullum sai ya sa wa kansa damuwa. Da mata suka ga littafin dariya suka yi, wai ta zama nasara, tana ƙirga loma. Ni kuwa a matsayina na malami, ban taɓa ganin aikin gida da ya fi wannan amfani ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce a ƙasar da yara ke fama da tamowa, wa ke da lokacin matsalar masu kuɗin zuwa Tunis? Ban manta 2005 ba, kuma har yau iyaye mata na Tanut da Belbeji suna kai ƴaƴansu awo, ana zagaya musu zaren awo a damtse, in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11 da rabi, kowa ya san akwai haɗari. To me ya sa muka yarda da sikeli a kan yaro, muka ƙi yarda da shi a kan uwarsa? Rama da ƙiba mai yawa duk rashin daidaiton abinci ne, kuma sau da yawa a gida ɗaya ake samunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai cutarwa. Ba ciwon Amurka kaɗai ba ne.

Wasu kuma za su ce ragwanci ne, da ta rage ci da ba a kai ga wuƙa ba. Wannan magana ce ta fi ba ni haushi, domin na san inda ƙibar ta samo asali. Tana da shekara 17, ana saura wata biyu bikinta, manyan mata suka ce ta cika rama, za a ce gidanmu ba a ci. Aka sayo mata ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Bayan kowace haihuwa aka sake. Mu muka ɗura mata tana yarinya, yau kuma mu ne ke ce mata raguwa.

Kuma ba a daina ba. Amaryar bikin da na ba ku labari ɗalibata ce shekara biyu da suka wuce. Na ga fuskarta ta yi fam kamar faranti, na tambaya, aka ce gyaran amarya ne. Yawancin waɗannan ƙwayoyi dekzametazon ne, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da asma da makamantansu, ko kuma sifroheftadin mai buɗe ciki. Dekzametazon, in aka daɗe ana sha, yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana tada suga da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma barinsa farat ɗaya shi ma haɗari ne, sai a hannun likita. Wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Kada wani ya fahimce ni a karkace: ba tallar tiyata nake yi ba. Aiki ne na miliyoyin sefa, mai haɗari, na waɗanda ƙiba ta kai su maƙura, kuma wanda ba shi da likitan da zai riƙa bibiyarsa bayan ya dawo, ko kuɗin bitamin na shekara da shekaru, ya yi tunani sau goma. Wanda ya koma tsohuwar ɗabi'a ma nauyin na iya dawowa. Abin da nake nema shi ne kada ƴaƴanmu su kai can.

Malamai, muna koyar da kilo da giram da lita a allo. Mu kai su cikin kwano. Mu sa yara su ƙirga cokalin sukari nawa ke shiga butar shayin gidansu a yini. Mu tsawata wa mai tsokanar siririya da "sillen kara" kamar yadda za mu tsawata wa mai tsokanar mai jiki. In muka ga fuskar yarinya ta kumbura cikin ƴan makonni, mu kira uwarta mu yi magana cikin sirri. Iyaye kuwa, ku fitar da sha-ka-fashe daga kayan gyaran amarya. Malamanmu na zaure sun daɗe suna koya mana raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Ba daga Tunis aka kawo mana wannan ba. In baƙo ya ce ya ƙoshi, a ɗauke kwano ba tare da ɓata rai ba, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ranar da yayata za ta koma, gwaggo ta zo da ƙullin leda. Gabana ya faɗi. Da aka buɗe, sai ga dafaffen ƙwai huɗu da cuku. Ta ce: "Ƴar nan, an ce wannan ne ba ya tada miki ciki. Ki ci ɗaya in kin kai Damagaram, sauran ki bari sai gaba." Idan tsohuwa mai shekara saba'in ta iya sauya hannu cikin mako ɗaya, mu masu alli da littafi ba mu da uzuri. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma ba mu ikon kiyaye ta.