Wasa Ko Caca: Ina Daɗin Wasan Bidiyo Ya Tafi?

Ɗalibai, ku lura da kalmar "wasa" a Hausa: ba ta tafiya ita kaɗai. Muna da abokin wasa, muna da filin wasa, kuma dara da langa duk ba sa yiwuwa sai da mutum na biyu. Da wannan ma'auni nake auna wasan bidiyo na yau, kuma hukuncina shi ne sunan wasa kawai ya rage masa.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Paraku ko Jugu shekaru ashirin da suka wuce ya san shagunan wasa. A unguwannin da ke kewaye da kasuwar Arzeke, talabijin ɗaya ne da PlayStation 2 da benci. Yaro zai biya 'yan sefa kaɗan, ya kara da ɗan'uwansa a ƙwallon Pro Evolution Soccer, sauran suna tsaye suna ihu da Hausa da Dendi da Bariba. Wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Talaka da ɗan mai kuɗi 'yan wasa iri ɗaya suke zaɓa, gwaninta ce kaɗai ke raba su.

Yau fa? A 2021 kamfanin Konami ya mayar da wannan wasa eFootball, ya ce kyauta ne. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Za ka shiga ba ka biya ba, sai ka tarar manyan 'yan wasa suna bayan ƙofar da kuɗi ke buɗewa. Tun 2009 kamfanin EA ya shigo da tsarin Ultimate Team cikin wasan FIFA, inda ake sayen ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba sai an kwance. Biyan kuɗi a kan sa'a yana da suna a Hausa: caca. Ba ni kaɗai na faɗa ba, domin a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan ƙunsoshi caca ne.

Wasu za su ce girma ne ya zo mini, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Za su ƙara da cewa yaron Jugu yanzu yana iya karawa da na Kano a Free Fire ba tare da ya bar ɗakinsu ba. Na yarda, wannan ci gaba ne. Sai dai ku dubi yaron da kyau: shi kaɗai ne, ya duƙufa a kan waya, kuɗin data na cin aljihunsa, in ya yi nasara ba mai tafa masa, in an ci shi ba mai tsokanarsa. An ƙera wasan ne domin kada ya tashi, ba domin ya ji daɗi ba.

Saboda haka ban ɗora wa yara laifi ba, kuma ban ce a haramta musu ba. Kirana ga iyaye da yayye shi ne su hana sayen sa'a da kuɗi, su kuma mayar da wasan tsakar gida, inda mutum biyu za su zauna a gaban allo ɗaya. Abin da ba shi da abokin yi, Bahaushe bai taɓa kiransa wasa ba.