Tun Ran Gini, Ran Zane: Wa Zai Ɗauki Asarar Kwangila?

Idan ana maganar kwangilar gwamnati, abu biyu muke tambaya: wa aka ba, kuma nawa? Akwai tambaya ta uku wadda ta riga waɗannan zuwa, amma ba kasafai take fitowa daga ofis ba: ta wace hanya za a gudanar da aikin? Amsarta ce ke fayyace wanda zai ɗauki asara ranar da aka tona ƙasa aka tarar da dutse, ko ranar da siminti ya yi tsada.

Manyan hanyoyin uku ne. Ta farko ita ce wadda muka saba: gwamnati ta sa a kammala zane, sannan 'yan kwangila su yi takara, galibi mai farashi mafi sauƙi ya samu. Tana da sauƙin bincike, sai dai duk kuskuren da aka gano a zanen, baitulmali ne zai biya. Ta biyu ita ce a danƙa zane da gini ga kamfani ɗaya. Tana da sauri, domin ana iya fara harsashi kafin a gama zanen rufi, amma idan ma'aikata ba ta rubuta buƙatunta dalla-dalla ba, abin da aka miƙo mata shi za ta karɓa. Ta uku ita ce a shigo da magini tun ana zane yana ba da shawara, daga bisani a daidaita farashi da shi.

Babu wadda ta fi wata a kowane hali. A ranar 1 ga Agusta 2007 wata babbar gada ta rufta cikin kogin Misisipi a birnin Miniyapolis na Amurka, mutum 13 suka mutu. Hukumar sufuri ta jihar Minesota ta bi hanya ta biyu, aka buɗe sabuwar gada a watan Satumba 2008. A can lokaci ne ya fi komai tsada. Amma ajujuwa shida na firamare, waɗanda zanensu sananne ne, ba sa buƙatar wannan. Hanyar farko ta wadatar.

Domin kada wannan zaɓi ya dogara ga ra'ayin darakta ɗaya, hukumomi a Amurka sun tsara jadawalin tantancewa, ana samun su a intanet, wasu ma an mayar da su manhaja. Wanda hukumar sufuri ta jihar Kolarado ta tsara tare da masana na jami'ar jihar misali ne mai kyau. Ma'aikatan da aikin ya shafa suna zama wuri ɗaya, su fara rubuta burin aikin da abin da ya ɗaure musu hannu. Sai su auna kowace hanya da ma'aunai: wa'adi, sarƙaƙiyar aikin, inda zane ya kai, kuɗi, da kasadar da ke ciki. Bayan nan su dubi gogewar ma'aikatansu, irin sa idon da za su iya yi, da ko akwai isassun kamfanonin da za su yi takara. A kowane ma'auni ana nuna hanyar da ta fi dacewa, da wadda ba ta dace sosai ba, da wadda ke da aibin da zai fitar da ita gaba ɗaya.

Mai karatu zai lura babu wani siddabaru a nan. Manhajar ba ta san ƙasar da za a tona ba, abin da aka faɗa mata take tattarawa. Wanda ya riga ya zaɓi ɗan kwangilarsa zai iya ƙara wa “gaggawa” nauyi har sakamako ya fito yadda yake so, sannan ya ce kwamfuta ce ta yanke. Wannan haɗari ne na gaske. A ganina amfaninta ɗaya ne, kuma babba ne: tana tilasta wa jami'i ya rubuta dalilinsa kafin a sa hannu, ba bayan aiki ya lalace ba.

A nan ne batun ya shafe mu. Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta 2007 ta kafa hukumar BPP, ta kuma sanya takara a fili ta zama asali. Amma dubi hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano mai tsawon kilomita 375. An ba da ita a ƙarshen 2017 a matsayin gyara, kan kimanin Naira biliyan 155. A 2021 aka mayar da ita sabon gini, kuɗin ya kai kusan biliyan 797. Ban ce manhaja za ta hana hakan ba. Amma tambayar “ina zane ya kai?” da ta “wace kasada ce ba mu auna ba?” su ne ya kamata a ce an amsa a rubuce tun farko, matafiya kuma su iya karanta amsar a yau.

Shawarata ga ma'aikatun ayyuka, musamman na jihohinmu, ba sayen manhaja mai tsada ba ce. Su sa injiniyoyinsu da malaman jami'o'inmu su tsara jadawali mai dacewa da yanayinmu, wanda ya sanya faɗuwar darajar Naira, jinkirin sakin kuɗi, damina da matsalar tsaro cikin ma'aunai. Duk babban aiki a cike shi, mahalarta su sa sunayensu, a wallafa shi tare da sanarwar neman 'yan kwangila. 'Yan majalisa da 'yan jarida kuma su riƙa neman wannan takarda kamar yadda suke neman adadin kuɗi.

Ga ɗalibaina masu shirin shiga wannan fage: kwamfuta za ta jera muku tambayoyi, amma amsa da alhakinta a wuyanku suke. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.