Ku Fito da Hotunan Nan Kafin Gara Ta Riga Mu

Jama'a, wanda duk ya taɓa zama Legas ya san Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya a 1960. A gefensa akwai kulob ɗin ƙwallon tanis, Lagos Lawn Tennis Club, wanda aka kafa a 1895. Ya girmi haɗewar Kudu da Arewa da shekara 19. Kirana a kan ginin nan ne, da hotunan da suka shafe shi, da 'yan uwansa na Kano da Kaduna.

Na san wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da wurin wasan masu hannu da shuni a Ikko? To, saurara. A watan Fabrairun 1976 aka kawo gasar manyan 'yan tanis na duniya kulob ɗin nan, har da Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka da ya ci kofin Wimbledon a 1975. Ana cikin gasar, ranar Juma'a 13 ga wata, su Dimka suka kashe Janar Murtala Muhammed a kan hanyarsa ta zuwa ofis. Gari ya rikice, aka dakatar da wasa. Da aka dawo ranar Litinin 16 ga wata, Ashe na karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, sai ga sojoji sun faɗo cikin fili, ransu a ɓace, suna ganin ta yaya za a yi wasa ƙasa na makoki. Da bakin bindiga a bayansa aka fitar da zakaran Wimbledon, 'yan kallo suka watse. Sai a Karakas ta ƙasar Benezuwela aka ƙarasa gasar, inda Dick Stockton ya doke Ashe. Motar da aka harbi Murtala a ciki tana nan a Gidan Tarihi na Onikan, tafiyar ƙafa kaɗan daga kulob ɗin, ramukan harsashi na jikinta. Mota ta samu mai kula da ita. Filin da aka yi wannan tashin hankali, da ginin da ke kallonsa, su ma shaidu ne na makon da aka kashe ɗan Kano mai mulkin ƙasa, kuma sun cancanci irin wannan kulawa.

Kada mu jira sai mun ga katafila a bakin ƙofa. A Legas ƙasa zinariya ce, tsohon gini mai faɗin fili kuwa kullum idon 'yan kasuwa na kansa. Ku tuna da Ilojo Bar, gidan nan mai fasalin ginin Barazil a Dandalin Tinubu. Tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, amma ranar 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Sallah, aka rushe shi. Idan mai takardar kariya ya tafi haka, ina ga wanda ba a yi masa tanadi ba? Don haka 'yan kulob da masu kishin wasa su tashi su nemi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da gwamnatin jiha su ba irin waɗannan gine-gine kariyar doka, a auna su, a zana taswirarsu, a ɗauki hoton kowane lungu. In za a yi gyara, a gyara rufi da magudanar ruwa, a bar fuskar gini yadda magabata suka san ta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hotuna, domin su mutuwarsu ba ta da ƙara. Ɗauko tsohon hoto daga bango ka juya shi. Za ka ga danshi ya zana taswira a bayan kwalin, gara ta yi hanya ta gefen katako, fuskar hoton ta manne da gilashi, in ka ja sai rabin mutum ya biyo gilashin. Wanda rana ke duka ta taga kuwa ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. Duk wannan da sauƙi a kan ɗaya matsalar: mutum goma sha biyu a jere cikin fararen kaya, kowa riƙe da raket na katako, ba suna ko ɗaya a ƙasa. Dattijon da zai sa yatsa ya ce wannan wane ne, wancan ɗan wane ne, yau yana nan, gobe sai yadda Allah ya yi. Ranar da aka kai shi makwanci, hoton ya zama takarda kawai.

Su wa ke cikin waɗannan hotuna? Ba manyan baƙi kaɗai ba. Akwai yara masu tsintar ƙwallo a gindin raga, kuma daga cikin irinsu ne Nduka Odizor ya fito, har ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Akwai zamanin Sadiq Abdullahi, wanda ya wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 tare da Odizor da Tony Mmoh. Akwai waɗanda suka buga gasar Dala a Kano, da waɗanda suka yi gumi a jan filin Kaduna. Ashe kansa a Yawunde ya ga wani yaro ɗan shekara 11 a 1971, Yannick Noah, wanda ya zo ya ci babbar gasar Faransa a 1983. Wa ya san yaro nawa irinsa ke tsugune a gefen hotunanmu ba wanda ya rubuta sunansa?

Yawancin wannan dukiya ma ba a bangon kulob take ba. Tana cikin adakar Hajiya, tana cikin akwatin ƙarfen marigayi Baba da ya yi aikin gwamnati a Legas, tana hannun iyalan masu ɗaukar hoto na da. Ku buɗe. Ku zauna da tsofaffi su faɗi sunaye, ku rubuta a baya da fensir, a hankali. Tawadar biro tana ratsa takarda. Don Allah kada a kai hoto shago a manne shi cikin leda da zafi, wannan kisa ne da sunan adanawa, ba ya warwaruwa. A raba shi da ƙasa da jikin bango mai danshi. Matasa masu waya da kwamfuta, ga aikinku: ku ɗauki kowane hoto gaba da baya, ku naɗi muryar mai bayani. A kai kwafi ga kulob ɗin da abin ya shafa, a kai wani Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, don kada gobara ɗaya ta cinye komai.

Attajiranmu da ke ɗaukar nauyin gasa, ku ware wani abu daga kuɗin kofi ku sayi kabad mai kyau da na'urar kwafe hoto, ku biya mutum ɗaya ya zauna kan aikin. Shugabannin kulob, ku sa rana ku gayyaci tsofaffin 'yan wasa, ku baza hotuna a kan tebur, kowa ya faɗi wanda ya gane. Kai kuma mai karatu, in da tsoho a gidanku da ya taɓa riƙe raket ko ya tsinci ƙwallo, je ka same shi a makon nan da fensir a hannunka.