Lebul Kodineta: Aikin Ya Wuce Sa Hannu

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin shugabannin jami'o'inmu kan malamin nan da ɗalibai ke kira lebul kodineta, wanda ake damƙa wa amanar 'yan aji guda.

A ƙa'ida shi ne uban ɗalibi a makaranta. Amma yara da dama ba sa ganinsa sai lokacin rajista: layi har bakin matakala, shi kuma kai a sunkuye, yana sa hannu a fom yana cewa "na gaba". Ban cika ganin laifinsa ba. Mutum ɗaya ne, ga tarin ɗalibai, ga lacca, ga makin jarrabawa.

Sai dai yaran ne ke kwana a ciki. Yaro ya baro sakandare bai san makin ajin farko zai bi shi har ranar fita ba, tunda matsakaicin maki, wato CGPA, tarawa ake yi. Bai san daga 4.50 digiri mai daraja ta ɗaya ke farawa ba, mai bi masa kuma daga 3.50, sai ya kai aji uku ya fara lissafi, lokacin da bakin alƙalami ya kusa bushewa. Tsarin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ya ƙayyade yunit 15 zuwa 24 a zango, kuma mai kari-oba, wato kwas ɗin da ya faɗi, da ita ya kamata ya fara cike fom kafin sababbin kwasa-kwasai. Wa ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa?

Ɗan ƙanwata ya faɗi kwas ɗin GST mai yunit 2 a aji biyu, bai sake yi masa rajista ba, aka kuma yi ta sa masa hannu. Ba a farga ba sai da ake tantance sakamakon 'yan ajin ƙarshe. Abokansa suka tafi bautar ƙasa, shi ya koma biyan kuɗin makaranta da hayar ɗaki. Har da nasa sakacin, ban musa ba. To amma wanda irin wannan jinkiri ya sa ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa kawai hukumar bautar ƙasa, NYSC, za ta miƙa masa.

Ina roƙon hukumomin jami'a su rage wa kodineta nauyin koyarwa, su bar shi da aji guda tun daga shiga har fita domin ya san yaransa da suna, a kuma liƙa ranakun ganawa a ƙofar ofishinsa. Mu iyaye kuma mu daina tsayawa a "ya karatu?" Kowane zango mu ce a kawo takardar sakamako mu gani da idonmu.

Daga wani uba a Gusau.